Ɗana ya kumbura bayan cin ƙuli-ƙuli: in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 3 ya ci ƙuli-ƙuli, nan take leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. A asibiti aka ce "alaji ne, a guji gyaɗa", aka ba mu Piriton, shi ke nan. Kakarsa ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba. Ga kuma ƙanwarsa 'yar wata 5. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Maman yaro. Don Allah kada a gwada shawarar Kaka a gida, duk da na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Alaji yana nufin garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin, wani sinadari da ke cikin gyaɗa, a matsayin abokin gaba, kuma borin jinin da ya tsaya a fata yau, gobe yana iya kama maƙogwaro. Akwai hanyar sabar wa jiki, amma ƙwararru ke yin ta da awo, da kayan ceto a kusa.

Abin da ke damuna shi ne an sallame ki da kalma uku. Mu likitoci muna yawan yin haka idan layi ya yi tsawo, alhali "a guji gyaɗa" a ƙasar Hausa ba ƙaramar magana ba ce. Gyaɗa tana cikin yajin tsire, da labun kilishi, da miyar taushe, da kunun gyaɗa, da fate a gidaje da yawa. Man gyaɗar da ake matsewa a gida ma yana ɗauke da furotin ɗin. Sai kin sanar da makarantarsa, da maƙwabta, da duk gidan da yake shiga.

Ki riƙe waɗannan alamu: shaƙewar murya, numfashi da ƙyar ko da ƙara, kumburin harshe, amai a kai a kai, ko yaro ya yi laushi kamar zai suma. Yawanci suna zuwa cikin mintuna, zuwa awa 2 bayan cin abincin. A nan Piriton ba ya ceto, ƙaiƙayi kawai yake ragewa. Maganin shi ne allurar adirenalin a gefen cinya, a sake bayan minti 5 idan bai samu sauƙi ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, a garzaya asibiti. Ki koma wurin likitan ki nemi ya rubuta miki wannan tsari a takarda, ya kuma gaya miki inda za ki samu allurar. Haƙƙinki ne.

Ƙanwar kuwa, labarinta daban. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2015, ya nuna fara ba jarirai gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da wannan matsala da kusan kashi 80 cikin 100. Don haka ba a hana ta saboda yayanta. Idan ta kai wata 6, a fara da ɗan ƙullun gyaɗa a dame a kunu, ba ƙwaya ba, don kada ta shaƙe. Amma idan tana da ciwon fata mai tsanani mai bushewa da ƙaiƙayi (eczema) ko ƙwai yana tayar mata da borin jini, likita ya fara duba ta tukuna.

Shi kuma yaron, kusan ɗaya cikin yara biyar masu wannan matsala ne ke rabuwa da ita idan sun girma, kuma a asibiti ake tabbatar da hakan.