Amsa kan bayan mota da ya zauna

Malam, ka ce bayan motarka ya zauna, tana bugun ƙasa a rami. Shokozoba ba ta ɗaga mota, sifirin ne ke ɗauke da nauyin.

Kwashe kayan but, faka a shimfiɗaɗɗen wuri, auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi da ke saman tayar, hagu da dama. Bambancin santimita 2 ya isa a zargi sifirin. Haska ƙasansa, zoben ƙarshe ne kan karye saboda tsatsa.

Canja sifirin na hagu da na dama tare, har da robar mazauninsu. In na Belgium za ka saya a Panteka, je da tsohon ku gwada tsayi da kauri. A kula da tiyon birki wajen saukewa. Kada makaniki ya ɗaure notin bushin (robar da ke mahaɗin ƙarafan ƙafar mota) gam sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar yagewa take.