Na tsaya gaban tablo ban gane komi ba, ta yaya ake kallon zane?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. Hutun da ya wuce na tahi Yamai wajen yayata, ta kai ni wani wuri da masu zane suka rataya tablo nasu, walle na tsaya gaban wani babba, ja da baƙi da wasu layuka kawai, ba mutum ba dabba ba gida, mutane na ta gyaɗa kai ni ko ban gane komi ba, kunya ta hana ni tambaya. Akwai abin da ake koyo ne kahin a iya kallon irin wanga abu, ko dai abin nasaru ne da waɗanda suka yi karatunshi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi albarka. Akwai abin koyo, amma rabinshi kin riga kin iya tun kina ƙarama, ba a dai taɓa gaya miki sunanshi ba ne. Ranar da kika shiga babbar kasuwa zaɓen atamfar salla, mai shago ya baje miki turmi goma kika ture tara kika ce wannan ta yi hayaniya, waccan launinta ya mutu, wagga ita ce ta zauna, mi kika yi in ba kallon zane ba? Kuma ba ki tambayi mai shago hoton mi ne a jikin atamfar ba. To wannan idon shi za ki ɗauka ki kai gaban tablo.

Ni gidan dukawa na tashi kahin in shiga lakwal har in zama malamin zane, saboda haka bari in fara miki daga inda na fara gani. Mahaihina, Allah jiƙanshi, in zai yi alabe yakan shimfiɗa fatar jar akuya, wadda duniya ta san Maradi da ita, bayan majema sun jeme ta da bagaruwa an rina ta ja da karan dafi, sai ya daɗe shina kallonta bai taɓa ba. Sannan ya ɗauki ƙarfe ya ja layi ɗaya baƙi a gefe, baƙin nan da kashin maƙera ake haɗa shi, ya ja na biyu kusa da shi siriri, sai ya bar tsakiya jajir ba komi. Ina yaro na ce Baba nan ba a sa komi? Ya ce in an cika ta ido ba ya samun wurin zama. Abin da littattafan zane ke kira layi da launi da hili kenan, ukun nan a kan fata guda, kuma hilin da aka bari shi ma aiki ne, da gangan aka bar shi.

Layi shina da hali kamar mutum. Wanda ya miƙe tsaye shina ba da ƙarhi da tsayuwa, na kwance natsuwa, mai lanƙwasa tahiya da taushi, mai tsini kuma kaihi da faɗa. Launi ma haka, ja da ruwan ɗorawa suna matsowa gare ki, shuɗi da kore suna ja da baya suna sanyaya ido, shi ya sa ɗigon ja ƙarami a cikin baƙi mai yawa yake kama ido kahin komi. Masu fenti suna cewa ja da rawaya da shuɗi su ne iyayen launi, daga gare su ake haɗa sauran, shuɗi da rawaya su ba da kore. Kina iya gwadawa da fentin ƴan makaranta ki gani da idonki.

Amma abin da na hi so ki riƙe shi ne daidaito, don nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton daidaito shi ne dama ta yi kama da hagu kamar an naɗe takarda biyu. Ki samu babbar riga mai aska takwas, ta kakanki ko ta wani dattijo ranar Juma'a, ki dube ta da kyau. Nauyin aikin duk shina gefen hagu wajen aljihu, askakin nan masu tsini sun zubo ƙasa, ga gidaje-gidaje an cike su da zare har yadin ya yi tauri, sai can gefen dama a sa da'ira guda mai murɗewa wadda ake kira tambari, ita kaɗai, kuma ita kaɗan ɗin nan ta riƙe rigar ba ta karkace ba. Tsini a nan, zagaye a can, cunkoso a nan, sarari a can. Da malamai ne ma ke zana wannan a kan yadi kahin mai ɗinki ya bi da allura wata da watanni, hannun da ke zayyanar allo shi ne dai. In kin gane rigar nan kin gane abin da mai tablon Yamai yake nema da jan shi da baƙin shi.

Haka masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara da ƙasa a 1962, daga baya aka ƙara mishi hasumiya huɗu a kusurwoyi kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, duk da haka ginin a zaune yake daram, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Maginin nan manomi ne, bai yi karatun zane a Faransa ba. Na kawo shi ne don batun da kika yi na abin nasaru. Raƙuman dawan Dabus da aka sassaƙa jikin dutse a yankin Agadas, babban ya wuce mita 5, sun yi dubban shekaru nan ƙasarmu. Gidajen Birni a Damagaram da zanen da ke bakin zaurensu da zankwaye bisa kai, su ma namu ne.

To mi ya sa wancan tablon ba mutum ba dabba? A Turai an yi ɗaruruwan shekaru gwani shi ne wanda ya kwaikwayi abu kamar ka taɓa. Farkon shekarun 1400 a birnin Fulorans na Italiya suka tsara dabarar nuna nisa a kan abu shimfiɗaɗɗe, irin yadda in kin tsaya tsakiyar hanyar Dan Isa za ki ga gefe biyu na kwalta suna matsewa har su haɗe can nesa, itatuwa na ƙanƙancewa. Sai kyamara ta hito a 1839, ta riƙa yin kama cikin ɗan lokaci, masu zane da dama suka ce to mu mi ya rage mana, suka koma neman abin da kyamara ba ta iyawa, wato nauyin launi da motsin layi da abin da ke cikin rai. Picasso ma, shahararren mai zane na Turai, a 1907 sassaƙe-sassaƙen Afirka da ya gani a Paris suna cikin abin da ya juya mishi hannu. Mu ko nan tuni zanenmu ya hi karkata ga dagi da murabba'i da saƙar layi, kuma kaucewa surar abu mai rai saboda addini tana cikin dalilan, hukuncin wannan kuwa na malamai ne, su za ki tambaya.

Ba na ce duk abin da aka rataya a bango mai kyau ne ba, a'a. Akwai na ganganci, an watsa fenti an sa mishi kuɗi mai yawa, kamar yadda akwai hular da ɗinkinta ya yi sakwa-sakwa. Tsada ba ita ce shaida ba, gyaɗa kan mutane ma ba shaida ba ne. Shaidar tana ga hannu: ki matsa kusa ki ga inda buroshi ya bi, an yi kauri da gangan ko kuskure ne aka rufe, in kika rufe wani sashe da tahin hannunki sauran ya rushe ko bai ma san an cire komi ba. Aikin gwani in ka zare mishi abu guda sai ka ji giɓi.

Kuma ki raba "ya burge ni" da "an iya". Ni akwai zanen da ba zan rataya a ɗakina ba amma na san mai shi ya ƙware, akwai kuma ƙwaryar da wata tsohuwa ta ƙona wa zane da wuƙa mai zahi a ƙauyenmu wajen Tibiri, layukanta ba su ma miƙe sosai ba, har yau in na tuna ta sai raina ya motsa.

In kin koma Yamai, ki shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, akwai masu sana'ar hannu na aiki a ciki kina gani. Ki zaɓi abu guda tak, ki sa salula a jaka, hoto sai daga baya. Ki tsaya nesa ki lura ina idonki ya fara sauka, daga nan ina ya bi, ina ya tsaya, sannan ki matso. Minti biyar aƙalla, zai yi miki tsawo da farko. In mai aikin na kusa ki gaishe shi ki tambaye shi da mi ya yi, kwana nawa ya ɗauka, wane wuri ne ya hi ba shi wuya, za ki ga yadda fuskarshi za ta saki. Kahin hutu kuma ga dukawa nan cikin gari, ki je da hantsi lokacin da suke yanka fata, ki ce malamin zane ne ya turo ki kallo.