Na tambayi mara lafiya tarihin lafiyarsa, ya ce "babu komai"

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin jinya. In na tambayi mara lafiya ko ya taɓa fama da wata cuta, sai ya ce babu, daga baya kuma a tarar yana da hawan jini ko ciwon suga. Ta yaya zan yi tambayar?

Amsa: Yawanci ba ƙarya yake yi ba, tambayar ce ta yi faɗi. Wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini, yana jin jikinsa garau, ba ya ɗaukar kansa mai cuta.

Ki shigo masa ta ƙofar magani: "Akwai abin da kake sha kullum?" In ya zo da kwalin, karɓa ki karanta da kanki. Metformin yawanci na nuna miki suga ko da bakinsa bai faɗa ba, amlodipine kuma hawan jini. Ki haɗa da na gargajiya da wanda ya saya da kansa, don mutane ba sa lissafa su cikin magani.

Sai ki ambaci cututtukan ɗaya bayan ɗaya: asma, farfaɗiya, sikila, gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon hanta, tarin fuka. Duk wadda ya amsa, ki bi ta: yaushe, wa ya tabbatar, me aka ba shi, yaya aka ƙare? A tarin fuka wannan ta ƙarshen ce babba. Maganin yakan ɗauki wata 6, wanda ya yanke a tsakiya kuwa yana iya dawowa da ƙwayar cuta mai bijire wa magani.

An taɓa kwantar da shi? Tiyata fa, ko ƙarin jini? Tabon ɗinki a ciki yakan tuna masa abin da ya manta.

Inda aka fi yin sakaci shi ne in mara lafiya ya ce "magani ba ya karɓa ta". Ki tambayi ainihin abin da ya faru. Tashin zuciya daban ne da ƙuraje, kumburin leɓe da sarƙewar numfashi bayan penisilin. Wannan na biyun yana iya kisa, dole a rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman kati. Haka mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda: in ba ki tambaya ba, aka ba shi diclofenac, maganin rage raɗaɗin ciwo, an ƙara masa wahala.

Batun ɓarin ciki, HIV ko taɓin hankali kuwa, ki nemi ɗan rakiya ya ba ku wuri tukuna, cikin ladabi, sannan ki sassauta murya ki tambaya.