Amsa: Yadda za a ƙara yawan eksosom daga ƙwayoyin halitta na asali

Malam Sani, ka ce ƙwayoyin asali (masu iya rikiɗa zuwa wasu irin ƙwayoyin jiki) da kuke rainonsu daga igiyar cibiya suna ba da eksosom kaɗan, wato ƙananan ƙunshin saƙo da ƙwayoyi ke fitarwa, kana neman mafita. Ni dai na fi zargin farantin da kuke rainonsu a kai. Ƙwayar da aka shimfiɗe a kan roba ba ta sakin jiki. Bar su su dunƙule kamar curin fura, ko a raine su a kan ƙananan ƙwallaye masu yawo cikin ruwan abincinsu. Wani bincike na 2018 ya sami kusan ninki 20 na eksosom ta hanyar ƙwallayen.

Sannan rage iskar oksijin daga kashi 21 zuwa tsakanin kashi 1 da 5, kusa da yadda take a ɓargo.

Inda mutane ke tafka asara shi ne wajen tacewa. Juyawa a inji a ƙarfin 100,000 g (ninki 100,000 na jan ƙasa) na iya farfasa wasu; girmansu kuwa nanomita 30 zuwa 150 ne kawai. Tacewa ta gefe, inda ruwan ke gudana a gefen matatar maimakon a matsa shi kai tsaye, ta fi tausasawa. Ka kuma cire ruwan jinin ɗan maraƙi daga abincin ƙwayoyin kafin girbi, kada ka ƙirga eksosom ɗin saniya! Auna CD9, CD63 da CD81, sunadaran da ke zama alamar eksosom, domin yawa na iya ƙaruwa inganci ya ragu.