Madara, ƙwai da gyaɗa: yaya zan dawo wa ɗana da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara 3 yana fama da ekzima (ciwon fata mai ƙaiƙayi), bayan gwiwa da lanƙwasar hannu duk sun bushe, yana susa har jini. Likita ta ce mu cire masa madara, ƙwai da gyaɗa na mako 6, kuma fatar ta yi sauƙi. Yanzu maigida yana so mu ci gaba da sayen madarar gwangwani ta musamman, ko mu koma nonon akuya. Ni kuwa tsoron sake ba shi komai nake yi. (Wata uwa daga Mabera, Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Mako shidan nan gwaji ne, kuma bai cika ba sai an dawo da abincin an ga abin da zai faru. Ki tuna ma yaushe kuka fara. In a ƙarshen hunturu ne, mai yiwuwa tafiyar busasshiyar iskar nan ce ta sassauta fatar, kika ɗora wa ƙwai laifin da ba nasa ba.

Kafin komai: ya taɓa kumburin leɓe ko ido, borin jini, amai ko sarƙewar numfashi cikin awa 2 da cin wani abu? In haka ne, kada ki gwada a gida. Ki koma wurin likitarsa, ko sashen yara na Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo, a yi gwajin a gabansu.

In ƙaiƙayi ne kawai, ki sanar da likitar, sannan ki ɗauki abu ɗaya. Da safe, ranar da ba ya mura ko zazzaɓi. Ƙwai, ki fara da ɗan gutsuren kek, domin ƙwan da aka gasa sosai a cikinsa ya fi sauƙi ga jiki, daga baya dafaffe. Ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 3, ki ɗauki hoton bayan gwiwarsa da waya kullum, saboda tashin ekzima kan jinkirta har kwana 2. In shiru, ƙwai ya koma cikin abincinsa, sai ki shiga madara. Gyaɗa kuma cokali ɗaya na kunu, ba ƙwaya ba, kada ta shaƙe shi. Ki ja kunnen mutanen gida: kaka ta miƙa masa fura da nono, yayansa ya ɓantaro masa ƙuli-ƙuli ko tsire mai yaji, shi ke nan lissafi ya rikice.

Tsoron naki na gane shi, amma doguwar hanawa ma tana da haɗari, tana iya sa jiki ya ƙi abincin da a da yake karɓa. Binciken da aka yi a Ingila aka fitar a 2015 ya nuna jariran da aka saba musu da gyaɗa da wuri sun fi tsira daga rashin jituwa da ita nesa ba kusa ba.

Batun saye kuwa, a bar nonon akuya. Sinadarinsa ya yi kama da na saniya, yawancin yaran da ɗaya ke damu, ɗayan ma zai dame su. Madarar gwangwanin ku riƙe ta zuwa ƙarshen gwaji, in madarar shanu ta zauna masa ku daina. Kuɗin ya tafi ga man shafawa marar turare, Vaseline ko man kaɗanya mai kyau, a shafa da zarar an fito wanka jiki da sauran danshi, a ƙara da dare, tare da maganin da likita ta rubuta.