Fesa wa sabon madubin gefen mota fenti

Malam, ka tambaya ko ɗan koyo zai iya fesa wa madubin da ya canza fenti da kansa. Ƙwarai kuwa. Fara da duba lambar kalar motarka, galibi tana jikin ginshiƙin ƙofa. Kada ka yarda da ido.

Cire marfin bayan madubin in yana ciruwa, ka wanke da sabulu, ka goge da samfefa mai lamba 800, sannan ka sa firaimar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama roba. In babu ita, fentin ɓarewa zai yi.

Fesa sama-sama daga nisan santimita 20 zuwa 25, sau uku, da tazarar minti 10. Ni garin gaggawa na matso kusa, fentin ya zubo kamar hawaye, sai da na sake gogewa. A ƙarshe ka fesa banish, wato shafin sama marar kala mai sa sheƙi, inda babu ƙura.