Hukuncin ɗaura inji a bututun ruwan unguwa lokacin bazara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Da bazara ta shigo ruwan famfo sai cikin dare yake zuwa, shi ma kaɗan-kaɗan. Shi ne na sa aka ɗaura mini inji a jikin bututu, yana jawo ruwa yana cika tankina na saman soro, abin da ya ragu in sayar wa ƴan garuwa. Maƙwabta sun ce in na kunna injin, nasu famfon yana ɗaukewa. Ni kuwa duk abin da mita ta nuna ina biya. Akwai laifi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka tambaya, don da yawa ba sa tambaya. Ɗaura inji kai tsaye a bututun da unguwa ke tarayya a kansa, alhali ka san yana yanke wa maƙwabta ruwa, bai halatta ba, kuma biyan kuɗin bai halatta shi ba.

Sai an fahimci yadda ruwan yake zuwa kafin hukuncin ya zauna. Gulbin Maradi da damina kaɗai yake gudu. Abin da gari ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi ta rijiyoyin burtsatse, a tura shi manyan tankuna na sama, nauyinsa ya koro shi cikin bututu zuwa gidaje. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa na buɗe famfo a lokaci guda, tankunan ba sa samun cika, ƙarfin ruwan ya faɗi. Injinka ba ya ƙara ko ɗigo a cikin bututun. Abin da ke ciki yake zuƙowa, wanda da an bar shi da ya rarrabu zuwa gida biyar ko goma. Kuɗin da kake biya na kamfani ne, ladan haƙowa da turowa. Rabon maƙwabci kuwa ba kamfani ya sayar maka ba, shi ma mai rabon bai sayar ba.

Asalin hukuncin shi ne faɗar Annabi (SAW): "Babu cuta, babu cutarwa," wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Akwai kuma wani hukunci a cikin Muwaɗɗan, wanda ya fi kusa da mas'alarka. Game da kwararon ruwan Mahzur da Muzainib a Madina, Manzon Allah (SAW) ya yanke cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Ka lura, wannan mutum ne da ruwa ya fara isowa gonarsa da kansa, shari'a ta yarda shi ne a gaba, amma duk da haka aka yi masa iyaka. To ina ga wanda ba shi ne a gaba ba, inji ya sayo ya sa kansa a gaba? Na san wani zai ce wancan ruwan sama ne marar mai shi, wannan kuwa na kamfani ne. Gaskiya ne, sai dai wannan bambancin ƙara nauyi yake yi: kowane gida a layinku ya ƙulla yarjejeniya iri ɗaya da taka, ba wanda ya fi wani.

Mafita tana da sauƙi, masu gyaran famfo sun san ta. Ka ajiye tanki a ƙasa, ruwa ya shiga da ƙarfin kansa, injin ya ɗaga daga nan zuwa soro. Wannan halal ne. Ko a nan, ka ɗebi na bukatar gidanka ta kwana ɗaya ko biyu ka rufe. Wanke mota da tiyo da yayyafa wa ƙofar gida ruwa alhali matan layi na zaune da jarkoki tun ƙarfe uku na dare, wannan ko babu inji abin kunya ne.

Sayarwa kuma: ruwan da ya shiga mazubinka ta hanyar halal mallakinka ne, sayar da shi ya halatta, haka sana'ar garuwa. Hanin da ya zo a hadisin Jabir cikin Sahihu Muslim kan sayar da rarar ruwa, malamai sun ɗauke shi a kan ruwan da ke inda yake fitowa, kamar rijiyoyin daji na makiyaya, ba wanda aka ɗebo aka adana ba. Sharaɗi biyu ne a kanka: kada ya zama wanda inji ya zuƙo, kuma kada takardar da ka sa wa hannu da kamfani ta hana, don Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan kuwa ƙishi ya kai wani ga tsoron halaka, ba shi rarar wajibi ne a mazhabarmu. In yana da kuɗin ya biya, in ba shi da shi babu komai a kansa.

Kada kuma alwala ta zama hujjar ɓarna. Anas ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, wanda bai kai lita ɗaya ba, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar. Ibn Abi Zaid, mai littafin fiƙihu na Risala, ya ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarna a cikinsa wuce iyaka ne kuma bidi'a. Buta ɗaya ta isa.

Abin da ya wuce, ba za a iya ƙididdige litar da kowane gida ya rasa ba, don haka sulhu ne hanya. Ka cire injin daga bututun, ka bi maƙwabtan gida-gida ka nemi afuwa, kuma ribar da ka samu daga ƴan garuwa a wancan lokaci ka kimanta ta, ka mayar wa maƙwabtan da ita ruwa daga tankinka har damina ta sauka. Wallahu a'alam.